Karkacewar hatimi a jikin tsabar kuɗi: mene ne, yaya ake auna shi?

Ɗan yayata a Gusau ya buɗe gwangwanin kakarsa, ya tarar da sule da fataka da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da wata tsabar Amurka. Da ya juya ta sai ya ga mikiyar jikinta kai a ƙasa. Ya kira ni har yana haki: "Kawu, kakata ta yanke saƙa, kuskuren bugu ne!" Na ce ya kwantar da hankali tukuna.

Kowace tsaba ana buga ta ne tsakanin ƙarafa biyu masu zane, na fuska da na baya. Su ne hatimi. Kowace ma'aikatar kuɗi da yadda take ɗaura nata. Tsabar Ingila ta yanzu da ta yuro, in ka juya su kamar shafin littafi, bayan a tsaye yake fitowa. Ta Amurka kuwa a kife, da gangan. Karkacewa ita ce a sauka daga wannan ƙa'ida, ko don hatimi ya kwance a cikin inji yana juyawa, ko don an ɗaura shi a karkace tun farko. Saboda haka sai ka duba 'yan'uwan tsabar uku ko huɗu kafin ka ce taka ce ta bauɗe.

Ma'aunin ba sai an saya ba. Sami kwali, ka yanke rami daidai girman tsabar. Huda shi da allura sama da ƙasan ramin, ka ja layi tsakanin hujin biyu ta gaba da ta baya. Allurar nan ita ce sirrin, don da ido kawai layukan ba sa haɗuwa. Saka tsabar, kan hoton ya daidaita da layin, ka danne ta da leda mai haske. Juya kwalin kamar shafin littafi, ka ɗora abin auna kusurwa na 'yan makaranta, ka ga yadda kan zanen baya ya kauce daga layin. In babu, zana fuskar agogo: kowace awa digiri 30 ce, ƙarfe 3 digiri 90, ƙarfe 6 digiri 180.

'Yar karkacewa kaɗan ba ta ɗaga wa masu tara tsaba hankali, mai yawa suke nema. Ta yaron nan ƙarfe 6 cif ta nuna, wato lafiyarta ƙalau. Yanzu sulallan yake bi ɗaya bayan ɗaya.