Girki a Gidan Miji: Tambayoyin da Amaren Jos Suka Fi Yi

Da zarar kwanakin amarci sun ƙare, dangi sun watse, aka bar amarya da tukunyarta, sai tambayoyi su taso. Ga waɗanda suka fi yawa a bakin amaren Jos.

Maigida yana yawan cewa miyata ba ta kai ta mahaifiyarsa ba. Hannuna ne ba shi da daɗi?

Da wuya a ce hannunki ne. Mutumin da ya tashi yana cin miyar mace ɗaya tun yana rarrafe, harshensa ya riga ya saba da ita. Bambancin kuma yakan ɓuya a ƙananan abubuwa: wace daddawa ake sawa, ana daka ta da citta da masoro ko ita kaɗai, man shanu ake zubawa a kai ko manja, a itace ake dafawa ko a gas. Miyar kuka guda ce a suna, amma kowane gida da tasa.

Shi ma maigidan akwai magana a kansa. Faɗin haka a gaban ƙannensa ko baƙi cin fuska ne, kuma ba ya gyara miya. In yana marmarin girkin gidansu, ya kai matarsa wajen Mama cikin mutunci.

To yaya zan tambayi surukata ba tare da ta ɗauka ban iya komai ba?

Matambayi ba ya ɓata. Ki je ranar da kika san za ta ɗora tukunya, ki gaishe ta, ki karɓi daka ko gyaran ganye, sannan ki ce, "Mama, miyar taushen nan taki nake so ki koya mini." Ki ambaci abinci guda ɗaya, kada ki ce ta koya miki girki gaba ɗaya. Yawancin iyaye mata daɗi suke ji, domin kin nuna abin hannunsu yana da daraja.

Ta ce in zuba "daidai". Nawa ne daidai?

Nan ne wahalar take, kuma nan ne girkin gidaje da yawa yake salwanta. Iyayenmu da ido da tafin hannu suke awo. Saboda haka ki tsaya kusa da ita da gwangwanin madara da cokali. In ta ɗebo kuka, ki roƙe ta ta juye a cokalin kafin ta kaɗa. Ki rubuta gwangwani nawa na tsaki, ludayi nawa na ruwa, da mutum nawa abincin ya ciyar. Abin da ya fi awo muhimmanci shi ne jeri da alama: me ya fara shiga, kuma me ta gani ko ta shinshina kafin ta zuba na gaba. Ki tambaye ta, "Umma, ta yaya kika gane daddawar ta nuna?" Amsar da za ta ba ki babu ita a kowane littafi. In ta yarda, ki ɗauki muryarta a waya.

A Kano na iya masa da wake sosai. Me ya sa a Jos suke ba ni wahala?

Garin ne. Jos tana kan tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma a irin wannan tudu ruwa yana tafasa tun zafinsa yana wajen digiri 96, bai kai 100 ba. Shi ya sa wake da ganda da ƙafar saniya suke jan lokaci. Ki jiƙa waken tun dare, ko ki nemi tukunyar matsi, wato mai murfin da ke kulle tururi a ciki, maimakon ki yi ta ƙara kanwa har ta ɓata ɗanɗano ta dami ciki. Ƙullun masa kuwa sanyin Disamba da Janairu ne yake hana shi tashi da wuri. Ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi, ki rufe shi sosai, ki ajiye kusa da murhu, ki ƙara masa lokaci.

Gidan mijina gwate suke so, ni kuwa ban taso da shi ba.

Ki koya, domin abincin Filato ne na asali, Musulmi da Kirista kowa yana ci. Ana yin sa da acca ko tsakin masara, da yakuwa, alayyahu, gauta, wake da ƙashi mai ɓargo. Acca tana da yashi, sai an rege ta da haƙuri a ƙwarya, kuma ba ta daɗewa a wuta. Ganyen a ƙarshe yake shiga. A kasuwar Farin Gada za ki samu ɗanyen ganye da sassafe, ga dankalin Bokkos da Mangu. Ke ma ki shigo da naki: ranar da kika yi musu dambu ko ɗanwake irin na gidanku, kin ƙara wa gidan wani abu.

Shin ya dace in ba facalata ko abokiyar zamana sirrin girkin gidanmu?

Ni ina ganin ki bayar. Na san dalilin ɓoyewa, musamman inda ake rabon girki kuma kowa tana son ranarta ta fita daban. Amma abin da yake ci mini rai shi ne tsofaffin da suka rasu da yadda suke haɗa yaji ko kunun tamba, jikoki suna ta kwatance sun kasa. Ko kin faɗa wa mace komai, hannunta daban, naki daban. In sana'a kike yi da haɗin, kamar yajin sayarwa, wannan kina da hujjar riƙewa. In kuma girkin na surukarki ne ko na kakarki, ki nemi izininsu kafin ki tura wa wasu, ki kuma faɗi wajen wa kika koya.