Haɗa fedar jita a gida

Fedar jita wani ɗan akwatin ƙarfe ne da ake ajiyewa a ƙasa tsakanin jitar lantarki da amfilifaya, makaɗi ya taka shi da ƙafa sai muryar jitar ta canza, ko ta yi kaushi ko ta yi kauri ko ta dinga maimaita kanta irin eko. Haɗa ta a gida kuma shi ne mutum ya sayo ƴan kayan cikin ɗaya bayan ɗaya, ya zauna da ƙarfen liƙi da dalma ya haɗa abarsa da hannunsa maimakon ya je shago ya ɗauko haɗaɗɗiya. Cikin samarinmu Hausawan Jidda da Makka masu wannan sha'awa ba su da yawa, amma duk wanda ya taɓa gyaran rediyo ko waya to rabin aikin yana hannunsa tuni.

Asali

Abin ya faro ne daga matsala. A farkon shekarun 1960 a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Nashville ta Amurka, wani layi na injin haɗa sauti ya lalace ana cikin ɗaukar kiɗan Grady Martin, sai jitarsa ta fito da wata irin murya mai gurnani, aka ji ta yi daɗi aka bar ta a haka. Injiniyan wurin Glenn Snoddy ya zauna ya ƙera ɗan akwatin da zai dinga ba da wannan muryar da gangan, kamfanin Gibson ya fitar da shi kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Bai wani karɓu ba sai 1965 da Keith Richards na Rolling Stones ya yi kiɗa da shi. A 1966 kamfanin Arbiter na Landan ya fito da Fuzz Face wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, daga baya Electro-Harmonix na New York suka kawo Big Muff, sai Japanawa suka shigo, Boss da ƙananan fedojinsu a 1977, Ibanez da Tube Screamer a 1979. Littafin Craig Anderton na 1975 mai suna Electronic Projects for Musicians ya koya wa makaɗa da yawa cewa su ma za su iya, yanzu kuwa zanen cikin kusan duk tsofaffin fedojin nan yana intanet kyauta.

Yadda take aiki

Wutar da jita take fitarwa ƴar mitsitsiya ce, yawanci ba ta ma kai bolt 1 ba. Fedar kaushi tana ƙara mata ƙarfi ne har ya wuce abin da layin zai iya ɗauka, sai kawunan igiyar sautin su yanke, wannan yankewar ita ce kunne yake ji a matsayin kaushi. Wasu fedojin taransista ne yake yankan, wato ɗan abin da yake ƙara wa wuta ƙarfi, wasu kuma dayod guda biyu ake sawa, shi kuma ɗan abu ne da yake barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai, kuma a nan daɗin abin yake, domin dayod da aka yi da sinadarin jamaniyam irin 1N34A yana fara yanka tun wajen bolt 0.3, na silikon irin 1N4148 sai wajen 0.6, jan LED kuwa sai ya kusa bolt 2, ka cire wannan ka sa wancan muryar ta zama wata daban alhali abin da ka canza ko riyal ɗaya bai kai ba. Fuzz Face da ake ta zuzutawa duk cikinta taransista 2 ne, razista masu rage wuta 4, kondensa masu tara wuta 3 sai maɓallan juyawa 2, shi ke nan. Eko kuma masu haɗin gida sun fi yin sa da wani ayisi, wato ɗan ƙwayar lantarki mai ƙafafu da yawa, mai suna PT2399 na ƙasar Taiwan wanda asalinsa don injinan karaoke aka yi shi.

Kayan aiki

Ƙarfen liƙi mai siririn baki, dalma, mitar gwada wuta, almakashin yankan waya, allon gwaji mai ramuka wanda ake cusa kaya ba liƙi, sai injin huda don akwatin. Akwatin da aka fi sani na alminiyam ne samfurin Hammond 1590B, makunnin ƙafa kuma mai ƙafa tara ne, idan an kashe shi sautin jita ya wuce kai tsaye ba ya bi ta cikin fedar. Dalmar 60/40, wato kuza kashi 60 dalma kashi 40, tana narkewa ƙasa da digiri 190, amma ana sa ƙarfen wajen 350 don liƙin ya kama da wuri. Razista da kondensa da dayod ana samun su a shagunan kayan gyaran lantarki na Jidda ko Batha ta Riyad, makunnin da akwatin su ne yawanci sai an yi oda ta intanet. Shi kuwa taransistan jamaniyam manyan kamfanoni sun daɗe da daina yin sa, don haka tsohuwar rediyon shekarun 1960 da aka yasar a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik a Jidda tana iya zama taska ga mai wannan sha'awa.

Zafi da wuta

Wannan shi ne wurin da ya kamata ɗan Hijaz ya tsaya da kyau, don yawancin bayanan da ke intanet mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta su. Jamaniyam ba ya son zafi ko kaɗan, wutar da take yoyo a cikinsa tana kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. To ka haɗa fedarka a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka saita ta tana kuka yadda kake so, ka jefa ta a mota da rana a watan Yuli a Makka inda zafi yake haura digiri 45 a waje balle cikin mota, ka je wurin biki ka taka, sai ka ji tana shaƙewa tana yankewa kamar mai mura, wani lokaci ma ta yi shiru sai ta huce. Maganinsa biyu ne. Ko ka sa ɗan razista mai juyawa a ciki ka dinga daidaita wutar ƙafar taransista na biyu na Fuzz Face zuwa wajen bolt 4.5 da mita, ko kuwa tun farko ka yi da silikon irin BC108, muryarsa ta fi kaifi amma ba ruwansa da rana. Ni dai a ganina mai fara koyo a ƙasar nan silikon ya kamata ya kama, jamaniyam ya bari sai hannu ya faɗa.

Wuta ma da nata. Fedoji kusan duk bolt 9 suke ci, kuma adaftarsu tsakiyar bakin ita ce negetif, saɓanin yawancin adaftocin da ke yawo a gida, ka jona ba daidai ba ayisi ya ƙone nan take, shi ya sa ake sa dayod ɗin kariya a bakin shigar wuta. Tsohuwar Fuzz Face ta jamaniyam kuma wutarta a juye take, ba a haɗa ta a adafta ɗaya da sauran, batir ya fi mata. Adafta mai araha tana kawo ƙugi da tsuwa a sifika, kuma a tsofaffin gidaje har yanzu ana cin karo da soket na 110 kusa da na 220, a duba kafin a jona ƙarfen liƙi. Danshin Jidda mai gishiri shi ma yana sa bakin jak, inda ake cusa wayar jita, ya yi tsatsa.

Inda ake farawa

An fi farawa da fedar ƙara ƙarfi mai taransista ɗaya irin LPB-1 ta 1968, a gwada a allon gwaji, in ta yi magana sai a liƙa. Sau da yawa sabon haɗi ba ya tashi a karon farko, kuma laifin bai cika wuce liƙin da bai kama ba, ko ƙafar taransista da aka juya, ko kondensa mai gefen fozitif da negetif da aka sa baibai. Masu abin suna jona kondensa ɗaya a bakin wayar amfilifaya su dinga taɓa layin wuri-wuri daga inda jita ta shiga, inda sauti ya ɓace nan matsalar take. A buɗe taga lokacin liƙi saboda hayaƙin, a wanke hannu kafin cin abinci don dalma guba ce, kuma a nisanta ta daga yara.