Me ake nufi da digirin OD a karatun ido?

Idan ka ga an rubuta OD a bayan sunan mai duba ido, ana nufin ya yi digirin dokta a fannin optometiri, wato ilimin gwada gani da lura da lafiyar ido. Shi ne wanda zai zaunar da kai mita 6 daga allon haruffa, ya ɗora maka firam na ƙarfe a hanci, yana ta sauya gilasai yana tambayarka, "Wanne ya fi fitowa, na farko ko na biyu?" Amma aikinsa bai tsaya ga rubuta tabarau ba. Yana auna matsin ido don gano hawan jinin ido tun kafin ya cinye gani, yana leƙa bayan ido ya ga ɓarnar da ciwon suga ya fara yi, sannan ya tura wanda ke buƙatar tiyata gun likitan da ya dace.

Nan ne ɗalibai da yawa ke rikicewa. Likitan da ke cire yanar ido da wuƙa daban ne: shi sai ya gama karatun likitanci gaba ɗaya, sannan ya ƙware a ido. Wanda ke yanka gilashi ya zuba a firam shi ma sana'arsa daban. Wanda burinsa tiyata ne, OD ba hanyarsa ba ce, kuma gara ya san haka tun kafin ya cike fom.

A Najeriya ana shiga karatun ne kai tsaye daga sakandare, ta jarrabawar JAMB da Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma shekara 6 ake yi. Jami'ar Benin ce ta fara wannan karatu a ƙasar, yanzu kuma akwai shi a Jami'ar Jihar Abiya da ta Jihar Imo da ta Ilori da Jami'ar Bayero ta Kano. Bayan an gama sai shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararre. Hukumar ODORBN, wadda aka kafa da doka a 1989, ita ce ke yi wa masu wannan aiki rajista. Gana ma tsarin shekara 6 take bi, a Jami'ar KNUST ta Kumasi da ta Cape Coast.

A Amurka sunan digirin ɗaya ne, hanyar ce ta bambanta. Yawanci sai ka gama digirin farko tukun, ka zauna jarrabawar shiga da ake kira OAT, sannan ka yi wasu shekaru 4, wato kusan 8 ke nan a jami'a. Bayan nan akwai jarrabawar NBEO, wato jarrabawar ƙasa ta masu neman lasisin aiki, kuma kowace jiha ita ke ba da nata lasisin. A Birtaniya kuwa ba a ma kiran digirin OD. An daɗe ana yin digirin farko a biyo shi da shekarar horo, yanzu jami'o'i na komawa digiri na biyu da ya haɗa horon a ciki, hukumar GOC ce kuma mai rajista.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu iyaye ke kallon sunan jami'a da kyan gininta su manta da lasisi. Takardar digiri tana bin ka ko'ina, amma izinin taɓa idon mutane na ƙasar da ta bayar ne. Mai OD na Najeriya ba zai sauka Amurka ya buɗe asibiti ba. Galibin jihohin can suna neman digirin makarantar da ACOE, hukumar tantance makarantun optometiri, ta amince da ita, shi ya sa wasu ke komawa aji a shirye-shiryen da aka tanada don waɗanda suka yi karatu a waje. Haka wanda ya yo digirin shekara 4 a Indiya, idan ya dawo gida sai hukuma ta tantance takardunsa kafin ya fara aiki.

Saboda haka tambayar farko ita ce: a ina kake son yin aiki bayan ka gama? Daga nan sai ka rubuta wa hukumar rajista ta wannan ƙasa, ka tambaya ko ta amince da makarantar da kake hange, ka kuma nemi amsar a rubuce kafin ka biya ko sisi. Maganar dillalin neman gurbi ba hujja ba ce. Sai ka bincika ko makarantar na da asibitin ido nata, kuma daga wace shekara ɗalibi ke fara duba marasa lafiya da hannunsa. A ganina wannan ya fi kowane kwalisa muhimmanci, domin ba a koyon riƙe fitilar gwaji a littafi. Sai ka haska ta a idon yaro mai kuka da na tsoho mai yana, sau da yawa, malami na tsaye a kanka yana gyara maka hannu.