Na kunna VPN, me ya sa har yanzu shafuka ke gane ni?

Tun da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, matasan Jos da dama suka saba da VPN, wato manhajar da ke ɓoye ainihin inda kake shiga intanet, wasu har suna ganin ta gama rufa musu asiri. Ga tambayoyin da suka fi yi.

Na goge kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a wayata), na sauya adireshin IP (lambar da ke nuna daga inda nake shiga intanet). Me kuma ya rage?

Da sauran rina a kaba. Duk shafin da ka buɗe, burauzarka tana gaya masa girman fuskar wayarka, harshen da ka zaɓa, agogon yankinka, irin haruffan da ke cikin na'urar, har da yadda take zana hoto. Kowanne shi kaɗai ba ya nuna kowa, amma in aka haɗa su sai su zama kamar zanen yatsa. A 2010 ƙungiyar EFF ta Amurka, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta gwada burauza kusan 470,000, ta tarar kusan kashi 84 cikin ɗari kowacce ba ta da mai kama da ita. Wannan zanen yatsa kuma ba abin gogewa ba ne, domin a wajen masu shafukan ake ajiye shi, ba a wayarka ba.

To yaya burauzar Tor take yi?

Tor, burauzar da aka ƙera don ɓoye mai amfani da ita, anko take sa wa kowa. Ka tuna ɗakin biki: mata hamsin cikin atamfa iri ɗaya, sai ka nemo wadda kake nema. Tor tana nuna wa shafuka agogon UTC, wato agogon bai ɗaya na duniya, ko kana Tamanos a Jos ko kana Landan, tana taƙaita haruffa, tana hana a karanci zanen hoto ba da izininka ba. Tun 2019 kuma, a kwamfuta, take zagaye shafi da fili marar komai, don girman tagar kowa ya faɗa cikin 'yan rukunai kaɗan. Wasu na ɗauka matsala ce. A bar shi haka.

In ƙara mata manhajojin kariya?

A'a. Nan ne masu ƙwazo ke yi wa kansu illa: duk abin da ka ƙara, ka ɗaura ɗankwali daban ne a cikin masu anko. In lamarin mai nauyi ne, ka ɗaga matakin tsaro zuwa na ƙoli, wanda ke kashe JavaScript, harshen kwamfuta da shafuka ke amfani da shi wajen tattara yawancin waɗannan bayanai, kodayake wasu shafukan za su ƙi aiki.

In na shiga Facebook ɗina ta Tor fa?

Ai da bakinka ka faɗi sunanka.