Döstädning: mece ce "sharar mutuwa" da tsofaffin Suwidin ke yi wa gidajensu?

Masu bibiyar shafukan gyaran gida a intanet sun jima suna cin karo da kalmar döstädning, wadda wasu ke kira sharar mutuwa. Kalmar harshen Suwidin ce, haɗin kalma biyu: dö, wato mutuwa, da städning, wato shara da kintsa gida. Abin da take nufi shi ne mutum ya zauna da ransa da lafiyarsa, ya bi kayan da ya tara tsawon rayuwarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ware wanda har yanzu yake amfani da shi, ya bayar da na bayarwa, ya sayar da na sayarwa, ya zubar da na zubarwa, don kada ranar da ta Allah ta kasance wannan aiki ya faɗa kan 'ya'yansa. Galibi ana yin ta ne idan yara sun girma sun watse, ko miji ko mata ta rasu, wanda ya rage ya ga babban gida ya fi ƙarfinsa, ya yanke shawarar komawa ƙarami.

Wadda ta fito da kalmar duniya ita ce Margareta Magnusson, wata mai zane 'yar Suwidin, uwar 'ya'ya biyar, da ta wallafa ɗan littafi kan batun a 2017 tana da shekara tamanin da 'yan kai. Ba ita ta ƙirƙiro al'adar ba, a wajen mutanenta ta same ta. Amma ta ɗanɗani wahalar da kanta, domin ita ta kwashe kayan iyayenta bayan rasuwarsu, ta kwashe na mijinta, sannan ta bar gidansu ta koma ɗan madaidaicin gida a birnin Stockholm. An fassara littafin zuwa harsuna da dama, kuma a 2023 aka yi shirin talabijin a kansa a Amurka, daga nan kalmar ta ƙara bazuwa.

Sai an san yadda ake zama a Suwidin kafin a gane abin da ya sa al'adar ta yi ƙarfi a can. Ƙasar tana cikin ƙasashen Turai da mutane suka fi zama su kaɗai a gida. Tsoho ba ya zama da ɗansa da suruka da jikoki. Fanshonsa ne ke riƙe shi, ƙaramar hukuma kuma ta turo masu taimaka masa a gida idan ƙarfi ya ƙare. In ya rasu, doka ta ba magada wata uku su zauna su rubuta duk abin da ya bari da duk bashin da ke kansa, a takardar da suke kira bouppteckning, sannan a cikin wata guda bayan haka su miƙa ta ga hukumar haraji. Idan gidan haya ne, kuɗin haya na ci gaba da hawa kan dukiyar mamacin har sai an yi sallama da mai gida, kuma fayau ake mayar da gidan. Ga shi yawancin gidajen bene suna da ɗan sito a ƙarƙashin ƙasa ko a can sama, inda ake jibge abin da ba a son gani kuma ba a son rabuwa da shi. 'Ya'ya suna wani gari, kowa da aikinsa, hutun da za su samu kaɗan ne. Shi ya sa har kamfanoni ake da su waɗanda sana'arsu ke nan, kwashe gidan mamaci a biya su. Baƙon da aka ɗauko kuwa bai san bambancin tsohuwar takardar kuɗin wuta da wasiƙar da kakan yara ya rubuta wa kakarsu ba, duka a buhu ɗaya zai zuba.

Nan ne döstädning ta bambanta da gyaran gida na yau da kullum, ko salon nan na rage kaya don ɗaki ya yi kyau a hoto. Mai gyaran gida yana tambayar kansa ko yana son abu. Mai döstädning yana ƙara tambaya ta biyu: idan na bar wannan, wa zai ɗauki nauyinsa bayana, kuma zai ji daɗi ko zai sha wahala? A ganina wannan tambaya ta biyu ita ce dukkan al'amarin, sauran duk dabarun aiki ne.

Dabarun ma ba su da wuya. Magnusson ta ba da shawarar a fara tun wajen shekara 65, lokacin da mutum ke iya hawa tsani da ɗaga akwati, kuma a bi a hankali, ko da aikin zai ɗauki shekaru. Ana farawa da sito da manyan kaya da tufafi, domin rigar da ta yi shekara goma ba a sa ba ba ta da wuyar yanke wa hukunci. Mai shirin ƙaura yakan auna ɗakunan sabon gida, ya auna gado da kujeru da sif, ya san tun da wuri abin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Hotuna da wasiƙu su ne na ƙarshe, don wanda ya fara da albam zai wuni a zaune yana kallo, rana ta faɗi bai ɗaga ko tsinke ba. Ana kuma sanar da dangi da abokai su zo su zaɓa, kuma idan za a ba mutum abu a haɗa masa da labarinsa: wannan tasa ta kakarki ce, da ita aka kai ta ɗaki. Abin da aka miƙa hannu da hannu tare da labari ya fi samun riƙo a kan wanda aka tsinta a ƙasan akwati bayan an share makoki.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi sauran tausayi. Mutum ya samu ɗan ƙaramin akwati ya zuba abubuwan da shi kaɗai ya san darajarsu, busasshen fure ne, tsohon katin gayyata ne, wasiƙar ƙuruciya ce, ya rubuta a kai cewa a zubar bayansa ba sai an buɗe ba. Ya ci gaba da jin daɗin abinsa yana raye, ya kuma ɗauke wa 'ya'yansa nauyin zuciyar da ke kama mai zubar da kayan mahaifi. Duk wata takarda kuma da za ta tayar da tsohuwar gaba ko ta tona asirin wani, mai ita ya lalata ta da hannunsa.

Kayan da aka rage a Suwidin sukan tafi kasuwar tsofaffin kaya da suke kira loppis, ko shagunan agaji irin su Myrorna da Erikshjälpen, ko cibiyoyin sake sarrafa shara na ƙananan hukumomi. Sai dai labarin ba ya ƙarewa a nan. Wani kaso na tufafin da Turai da Amurka ke tarawa da sunan sadaka ana ɗaure shi dila dila a turo Afirka, shi ne gwanjon da muke gani a Ƙofar Wambai a Kano da Kantamanto a Accra. Ƙungiyar Or Foundation, mai bibiyar harkar gwanjo a Ghana, ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga Kantamanto duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙarewa a bola. Don haka mai rage kaya, a ko'ina yake, ya kamata ya raba abin da zai amfani wani da tsumman da ya mutu, kada ya ɗora wa talaka aikin zubar masa da shara ya kira ta kyauta.

To, ina ruwanmu da al'adar mutanen da ke zama su kaɗai? Wani zai ce mu ajiya maganin wata rana muka sani, kuma kaya a gidajenmu ba sa kwana: ƙane ya ɗauki riga, almajiri ya samu bargo, dillaliya ta karɓi zannuwa, 'yan gwangwan su saye ƙarfe. Gaskiya ne, kuma wannan zagayawar kaya alheri ne da ya kamata a riƙe. Amma mu ma ƙaura zuwa ƙaramin gida tana samunmu. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya da ya cika shekara 60 a duniya ko 35 a bakin aiki dole ya bar kwatas, sau da yawa ya koma gidan da bai kai rabin wancan ba. Uwar da mijinta ya rasu aka raba gida takan koma ɗaki guda a gidan ɗanta, ga jeren langa da samira da kumbo da ta gada tun daga uwarta, ga akwatunan atamfa da ba a taɓa ɗinkawa ba, 'ya'yanta mata kuma suna gidajen haya ciki da falo, ba su da inda za su sa.

Abin da ya fi wannan nauyi a wajen Musulmi shi ne gado. Da zarar rai ya fita, komai da mamaci ya mallaka, daga gona har allura, ya zama haƙƙin magada, bayan an yi masa sutura an biya bashi an zartar da wasiyya. Babu wanda ke da ikon ya ɗauki babbar rigar Baba ya ba limami, ko carbin Inna ya ba ƙawarta, sai da yardar kowane magaji, kuma idan akwai marayu ƙanana abin ya ƙara tsanani. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji. Ke nan uwar da ke son 'yar autarta ta samu wata sarƙa ta musamman, hanyarta ita ce ta ba ta tun tana raye. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa. Idan aka tsaya a "ai na ce naki ne" abin yana nan a akwatin mai shi har ta rasu, ya koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka. Nawa ne 'yan uwa suka daina gaisawa a kan irin wannan magana, wannan na cewa Hajiya ta ba ni, wancan na cewa wa ya shaida?

Da aka tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi lada, ya ce wadda mutum ya yi yana da lafiya, yana son dukiyar, yana tsoron talauci yana burin wadata, ba ya jira sai rai ya kai maƙogwaro sannan ya fara cewa a ba wane kaza a ba wane kaza ba. Sai dai rabon yana da sharaɗi. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya so ya keɓe shi da kyauta, ya zo da umarnin a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Rage kaya bai zama ƙofar fifita ɗakin wata mata a kan wata ba, ko dabarar hana wani magaji rabonsa. Wanda abin ya shige masa duhu ya tambayi malami ko alƙali kafin ya raba, musamman idan ya shafi zinariya ko gida ko fili.

A gidan da ake da mata fiye da ɗaya, ko aka daɗe ana zaman gandu, babban amfanin wannan aiki ma ba zubarwa ba ne, tantancewa ce. Kayan ɗakin mace nata ne, ba na miji ba. Firjin nan wa ya saya? Keken ɗinkin da ke soro na gidan ne ko ajiyar wata 'yar uwa ce da ta tafi Makka? Takardar filin da ke cikin jakar Alhaji tasa ce ko amana ce? Shi kaɗai ya sani, kuma idan bai rubuta ba amsar ta tafi tare da shi. Haka bashin da ake binsa da wanda yake bi, da asusun banki, da kuɗin adashi, da lambobin sirrin waya. Littafi ɗaya na makaranta ya isa a rubuta duk wannan, a ajiye shi inda amintacce ɗaya ko biyu suka sani.

Abu guda da nake so a kiyaye: döstädning aikin mai kaya ne. Ɗa ba ya zuwa hutun sallah ya buɗe ɗakin mahaifiyarsa ya fara fitar da kwanuka yana cewa tarkace ne. Tsohuwar da aka raba da gidanta kuma aka raba ta da kayanta ba da sonta ba, an yi mata rauni biyu. Wanda ke son ya taimaka ya zauna kusa, ya ce Inna wannan fa daga ina, ya saurara, ya ɗaga mata abin da ya yi nauyi, ya bar mata hukunci ko da ta ce a mayar da komai sai wani zuwan.

A yi hattara kuma da takardu. Gidajen malamai da na sarauta da na tsofaffin fatake a Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da Agadas suna cike da adudu da gafakar da ke ɗauke da rubutun hannu na Larabci da ajami: wasiƙu, waƙoƙi, fatawoyi, lissafin fatauci, salsalar dangi. Jikan da bai iya karanta ajami ba zai ga tarkacen da gara ta fara ci ne kawai. Irin waɗannan ba a yanke musu hukunci sai wanda ya iya karantawa ya duba. Idan iyali ba su da wurin adana su a sabon gida, akwai Arewa House da gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen hannu na jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, kuma ko ba a bayar da asalin ba ana iya ɗaukar hoton kowane shafi a raba wa dangi. Tsofaffin shafukan Alƙur'ani da alluna da duk takardar da ke da sunan Allah ba sa shiga kwandon shara: wanda ke karantuwa a kai masallaci ko makarantar allo, wanda ya lalace a ƙona shi ko a binne a wuri mai tsarki.