Yadda Za a Koya wa Yara Tarihin Tsohuwar Ƙasar Sin da Aikin Hannu: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa ba za a karanta musu tarihin kawai ba?

Saboda tsawonsa. Ka jera wa ɗan shekara takwas daulolin Shang, Zhou, Qin, Han, Tang da Song, kafin ka kai ta ƙarshe ta farko ta gudu. Abin da ya taɓa da hannunsa kuwa yakan zauna. Sai dai akwai sharaɗi: kowane aiki ya zo da tambayar da yaro zai amsa da kansa, wato wace matsala ce ta dami Sinawa har suka ƙirƙiro wannan abu. In babu tambayar, wasan ƙasa kawai aka yi.

Da wane aiki ya kamata a fara?

Da takarda, amma kada a fara da ita kai tsaye. Kafin a same ta, Sinawa a kan tsagin gora suke rubutu, su ɗaure da zare, masu hali kuma a kan siliki. To a ba yara tsagin kara guda goma su rubuta gajeren labari, layi ɗaya a kowane kara, su ɗaure. Sannan a tambaye su: littafin lissafinku kara nawa zai ci, kuma wa zai ɗauko shi zuwa makaranta?

Daga nan sai labarin Cai Lun, ma'aikacin fadar daular Han, wanda a shekarar 105 miladiyya ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon bishiya, tsummokara da tsofaffin tarun kamun kifi. Masu tonon kayan tarihi sun samo guntayen takarda da suka girme shi, don haka a ce ya inganta sana'ar ya fi daidai. Yaran su yayyaga tsofaffin takardu, a jiƙa su kwana, a kirɓa a turmi, a dama a baho da ruwa mai yawa. A ɗaura guntun gidan sauro a kan firam na katako, a tsoma, a ɗago a hankali, a shanya. Ta farko kan fito da kauri da ƙuraje, ba laifi. Su gano da kansu cewa yawan ruwa da laushin kirɓi ne ke sa ta yi sirara. A ƙarni na 8 wannan sana'a ta isa birnin Samarkand da ke tsakiyar Asiya, sannan Bagadaza, inda ta sauƙaƙa wa malaman Musulunci kwafar littattafai.

Rubutun Sinanci bai yi wa yara wuya ba?

Haruffa huɗu sun isa. Mafi tsufan rubutun Sinanci da aka samu da yawa yana kan ƙasusuwan kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru na daular Shang, a birnin Anyang, sama da shekara 3,000 ke nan. Alamun rana, wata, dutse da bishiya a lokacin sun yi kama da zanen abin da suke nufi. A murza yumɓu ya yi faɗi, yara su zana su da tsinke, ɗan uwansu ya canka.

Manyan cikinsu za su iya sassaƙa harafi a jikin sabulu ko dankali, su shafa tawada su buga. Yawanci sai sun buga suke ganin ya fito a juye. A nan za a kawo Bi Sheng, wanda a shekarun 1040 ya ƙera haruffan ɗab'i ɗaiɗai da gasasshen yumɓu. Tambayar da ta dace: rubutun da ke da dubban haruffa, ina za a adana su, kuma yaya za a nemo wanda ake so?

Iyayen da ba sa son 'ya'yansu su gina mutum-mutumi fa, ga shi kuma ana maganar sojojin yumɓu?

A mutunta ra'ayinsu, darasin ba zai rasa komai ba. A nuna hoto a ba da labari: sarki Qin Shi Huang ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an binne sojojin yumɓu kimanin 8,000 kusa da kabarinsa, kuma manoma masu haƙa rijiya ne suka ci karo da su a 1974 kusa da birnin Xi'an. Ni a ganina ma akwai aikin da ya fi bayyana wannan sarki. A kasa yara gida uku, kowane gida da kuɗinsa na kwali da mudunsa daban, a ce su ci kasuwa. Rigima ba za ta daɗe ba ta tashi. Sai “sarki” ya soke duka, ya kawo mudu ɗaya da kuɗi ɗaya, zagayayye mai huda mai kusurwa huɗu a tsakiya. Abin da Qin ya yi ke nan da ma'auni, kuɗi da rubutu. A kuma gaya musu da ƙarfin tuwo ya yi, har littattafai aka ƙona.

Babbar Ganuwa?

Ba gini ɗaya ba ce, dauloli da dama ne suka yi ta ginawa. Mai bulo da ake gani a hotuna yawanci ta daular Ming ce, 1368 zuwa 1644. Tsofaffin sassan da dama da ƙasa aka yi su, kamar ganuwar Kano, sai dai Sinawa tsakanin alluna biyu suke zuba ƙasa mai danshi su daddaɓe ta hawa-hawa. Yara su gwada a ƙaramin akwati, su gina wata kuma ba daɓe, a watsa wa duka biyun ruwa. Maganar wai ana hango ta daga duniyar wata ba gaskiya ba ce.

Akwai abin da bai kamata a gwada ba?

Albarushi. Sinawa ne suka gano shi, amma wannan a baki zai tsaya. A maimakonsa a goga allura da maganaɗisu, a ɗora ta a kan ganye cikin kwanon ruwa, za ta juya ta daidaita da kudu da arewa, kamar yadda masanin Sin Shen Kuo ya bayyana allurar maganaɗisu wajen 1088. Allurar ta zauna a hannun babba har a gama.