Alwatika biyu daidai da juna: tambayoyin da ɗalibaina ke yawan yi mini

Ina yi wa yaran unguwarmu kwas na lissafi da marece nan Tawa, kuma duk shekara in aka iso darasin nan da mushe ke kira triangles isométriques tambayoyin dai su ke nan, to bari in amsa su gaba ɗaya.

Wai me ake nufi da alwatika biyu daidai suke?

In ka yanke ɗaya da almakashi ka aza ta bisa ɗayar su hau juna cif, ko da sai ka juya ta ko ka kife ta. Gefe uku daidai, kusurwa uku daidai.

Ke nan sai na nuna duka shidan?

A'a, uku sun isa, amma ba kowane uku ba. Ko dai gefe ukun duka, wato CCC a kayenku (C côté ne wato gefe, A kuma angle wato kusurwa), ko gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, CAC, ko kuma gefe ɗaya da kusurwa biyun da ke bakinsa, ACA. Ba sabon abu ba ne fa, masanin lissafi Uklid ya rubuta su a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. CCC ɗin ma ko mai walda ya san shi, shi ya sa yake gitta ƙarfe a jikin ƙofa, gefe uku in suka tsaya siffar ba ta motsi.

Malam me ya sa kake nacewa kan kalmar "tsakaninsu"?

Don nan ne ake faɗuwa wallahi. Ɗauko kompa ka gwada: kusurwar A digiri 30, AB santimita 10, BC santimita 6. Kafa tsinin kompa kan B ka buɗe 6 ka zagaya, za ka ga ya yanke ɗaya layin wuri biyu, wato C biyu ke nan, alwatika biyu daban daban ɗaya doguwa ɗaya ƴar guntuwa alhali awon ukun duk ɗaya ne, saboda kusurwar A ba tsakanin AB da BC take ba. Sai dai in alwatikun masu kusurwar digiri 90 ne, nan kam ipotenus, wato gefen da ke fuskantar kusurwar digiri 90 ɗin, da gefe ɗaya sun wadatar, ƙa'idar Pitagor za ta ba ka na ukun.

To kusurwa uku fa?

Ba su isa ba. Mai gefe 3, 4, 5 da mai 6, 8, 10 kusurwoyinsu ɗaya amma ɗaya ta ninka ɗaya. Kama suke yi kawai, semblables.

Na auna da regil na ga daidai ne, me ya sa aka ba ni sifili?

Saboda awo ba hujja ba ne, zanen ma sau da yawa da gangan ba a yin shi daidai. Abin da ake so ka faɗi inda ka samo kowane daidaito: an bayar cikin tambaya, ko M tsakiyar BC ne don haka MB da MC ɗaya, ko gefen na tarayya ne tsakanin su biyun, wannan na tarayyar yara na mantawa da shi sosai don ya yi sauƙi da yawa. Sannan ka ambaci wace hanya cikin ukun ka bi. Kuma ka jera haruffa yadda suka dace, in A ta hau D, B ta hau E, to ABC da DEF za ka rubuta ba EDF ba, don tambayar da ke biye galibi cewa za a yi ka nuna AC daidai yake da DF, in ka birkita jerin nan za ka kama gefen da ba shi ba.